Ranar da Na Shiga Gaba a Hanyar Kafur

Wata Asabar ce a ƙarshen damina, shekarar da na shiga ajin farko na sakandare, ina da shekara goma sha uku. An idar da sallar asuba ke nan, ina durƙushe a bakin murhu ina hura wa Inna wutar koko, sai na ji Baba yana buga wa tayar kekensa iska a zaure. Wannan ba sabon abu ba ne, duk Asabar ɗin farkon wata haka yake yi. Abin da ya sa na ɗago kai shi ne, da ya gama da nasa sai na ji ya jawo nawa. Can ya leƙo tsakar gida ya ce, "Uwata, sha kokonki ki shirya, yau tare za mu zagaya. Ki sa hijabin nan naki mai ruwan ƙwai." Sunana Rabi, amma Uwata yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa na ci. Inna ta dakata da ludayi a hannu ta ce, "Malam, ɗiya mace har Kafur a kan keke?" Ya ce ai gara in san hanya, ƙannena maza sun yi ƙanƙanta. Inna ta ƙulle mana dafaffiyar gyaɗa da ƙosai a leda, ta cika mana gora biyu da ruwan randa.

Baba mai gyaran keken ɗinki ne. A Malumfashi Malam Iro mai gyara ake ce masa, yana da 'yar rumfa kusa da layin teloli, amma rabin abincinmu daga ƙauyuka yake fitowa. Sau ɗaya a wata yakan ɗaure akwatin kayan aikinsa a kariyar bayan kekensa, ya bi kwalta har Kafur, daga can ya saki kwalta ya bi burji ta cikin tsaunuka da tsofaffin garuruwa, ya ɓullo ta wani gefen ya dawo gida kafin magariba. Teloli da matan aure masu ɗinki a cikin gida duk sun san ranarsa. Wadda kekenta ke tsinka zare, da wanda nasa ke tsallake ɗinki, sukan rufe shi da zane su jira shi. Na taso ina jin sunayen garuruwan nan a bakinsa kamar sunayen dangi, amma ban taɓa taka ko ɗaya ba.

Keken hawa kuwa na iya shi tun ina 'yar shekara tara. Da na Baba na koya, a ɓoye, lokacin da yake barcin rana. Ƙafata ba ta kai feda daga sirdi, sai in zura ta ta ƙarƙashin ƙarfen tsakiya, in karkace kamar mai ciwon haƙarƙari, in yi ta zagaya filin da muke carafke da 'yar gala-gala. Har yanzu akwai tabon garun Alhaji maƙwabcinmu a gwiwata. Da na ci jarrabawar shiga sakandare, makarantar da nisa, sai ya sayo mini na mata, na hannu, kore, mai kwando a gaba. Da shi nake kai niƙa, da shi nake kai wa masu aikin gonarmu abinci, wani lokaci in ɗauro jarka biyu ta ruwa daga famfon bayan asibiti. Saboda haka ina ganin kaina gwana. Tafiya mafi tsawo da na taɓa yi ba ta wuce ta rabin sa'a ba.

Da muka fito bakin gari ya tsaya ya ba ni doka guda biyu. Ta farko, ni ce a gaba. Ta biyu, kada in ba shi ratar da ta wuce tsawon keke biyu. Na ɗauka don ya riƙa lura da ni ne, har na ɗan ji haushi a raina, ina ganin ya raina ƙwarewata.

Sa'ar farko daɗi ce zalla. Raɓa ba ta bushe ba, an karye masara an jingine karan a tsaye, dawa ta fitar da kai ta fara ja, auduga ta fara fashewa nan da can. Muna wuce masu amalanken shanu, da mata masu tallar nono, da 'yan makarantar boko da ba su da aji ranar suna kora tumaki. Sai dai ban jima ba na gane cewa hanyar da nake gani shimfiɗe daga tagar mota ba haka take ba. Ka gangara kwarin rafi, ka haura tudu, kana kaiwa sama ka hango wani tudun yana jiranka. A hawa na uku na miƙe tsaye a kan feda ina nishi, sai na ji muryarsa a bayana, ko haki ba ya yi: "Zauna. Kada ki kalli ƙarshen hawan, kalli tayar gabanki, ki ƙirga numfashinki." Na zauna, na yi yadda ya ce, hawan ya ƙare. Har yau idan aiki ya yi mini yawa wannan maganar nake tunawa.

Mun shiga Kafur da hantsi. Gidan farko na wani tela ne mai ɗinkin kaftani, kekensa na cije yadi. Baba ya zauna, ya juya shi sau biyu, ya karkata kunne, ya kwance farantin ƙasa, ya goge, ya ɗiga mai, ya ɗaure. Da aka zo gwaji sai ya miƙo mini zare ya ce in zura a allura, wai in fara koyon sana'a. Na zura ina alfahari. A gida na biyu ma ni na zura. A na uku wani ɗan ƙaramin sukuru ya faɗi a kan tabarma, daidai gaban gwiwarsa, ya yi ta shafa tabarmar da tafin hannu, ni kuwa ina ganin abin yana ƙyalli. Na ɗauka na ba shi. Ya ce, "Idon yara." Telan gidan ya yi dariya, ni ma na yi. Ban kawo komai a raina ba.

Daga Kafur muka saki kwalta. Nan ne ainihin aikin ya fara. Burjin ja ne, ruwan damina ya zaizaye shi ya bar ƙananan kwazazzabai, wani wurin tsakuwa, wani wurin yashi mai kama taya ya jefar da kai. Hannuwana suka fara zugi saboda girgiza. Garin farko da muka isa, Kukar Marina, ta wani giɓi a tsohuwar ganuwa ake shigarsa. Ganuwar ta zube ta koma doguwar tudun ƙasa, geza ta tsiro a kai, awaki na hawa suna sauka, amma mutanen garin har lokacin ƙofa suke kiran wurin, kuma ba mai shiga ta wani gefen ko da ya fi masa kusa. A tsakiyar garin akwai karofi, wurin rini, ramuka sun fi ashirin, duk an daina aiki da su sai guda biyu da wani tsoho ke riƙe da su, hannuwansa baƙi-shuɗi har gwiwar hannu. Baba ya ce a zamanin kakansa fatake daga nesa suke zuwa nan sayen rini. Mun yi azahar a masallacinsu na ƙasa, mai rufin azara, ciki da sanyi kamar randa. Ni na yi tawa a gidan limamin, matarsa ta dama mini fura, tana ta kallona tana tambaya ko da gaske da ƙafata na tuko daga Malumfashi.

Bayan garin akwai hawan da mutanen wurin ke kira Hawan Jaki, wai ko jaki sai ya tsaya ya huta a tsakiyarsa. Hanyar tana nannaɗe wani babban dutse ne, rana kuma ta take. Na yi kashi biyu cikin uku a kan sirdi, daga nan ƙafafuna suka ƙi. Na sauka ina turawa, gumi na shiga mini ido, ina jin kamar in yi kuka. Shi ma ya sauka, ko da yake na san zai iya ƙarasawa. A can sama muka jingine kekunan a jikin wata ƙirya, muka ci sauran gyaɗar. Ya nuna mini kufai a gindin dutsen, da'irorin duwatsu inda ɗakuna suka taɓa tsayawa, ya ce a zamanin hare-hare a nan mutane suka zauna, sai da ƙasa ta lafa suka sauka fili. Sa'an nan ya ce, "To, faɗa mini abin da kike hangowa." Na shiga lissafa masa: fadama mai rake, wani gari mai dogayen rimaye uku, rufin kwano yana walƙiya, wani rafi kamar zare. Duk abin da na ambata sai ya faɗi sunansa da wanda ke da shi. Na ɗauka jarrabawa yake yi mini.

Kafin mu gangara ya sake ja mini kunne cewa in riƙe birki, in tsaya kusa. Na ce to. Amma wanda ya sha wahalar hawa irin wannan, ya ga gangare miƙe a gabansa, iska na kaɗawa, da wuya ya tuna doka. Na ɗan saki birkin, na ƙara saki, sai na sake shi gaba ɗaya. Hijabina na kaɗawa, gonaki na wucewa, ina ihu ni kaɗai. A ƙasan gangaren akwai kwalbati, ruwa ya cinye rabinsa na dama ya bar rami mai zurfin tsayin mutum. Da ƙyar na kauce ta hagu. Na tsaya na waiga don in nuna wa Baba ramin, sai na ga ba kowa a bayana.

Na jira. Na ce ko sarƙarsa ce ta zame. Da shirun ya yi yawa na kwantar da kekena a gefe na koma da ƙafa. Wajen tsakiyar gangaren na same shi, a tsaye, keken na tsakanin ƙafafunsa, hannuwansa biyu sun damƙe birki. Ba hanya yake kallo ba. Ya juya fuskarsa wajen wata gonar dawa, inda aka rataye wani tsohon buhu mai ruwan ƙwai a kan sanda don korar tsuntsaye, yana yi masa magana a hankali: "Uwata, ai na ce ki jira ni. Me kike yi a cikin gonar mutane?" Ina tsaye a kan hanya, tsakanina da shi bai fi taku goma sha biyar ba, ga rana tar, bai gan ni ba.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a wurin ba. Zaren da na yi ta zurawa, da sukurun da ke kan tabarma, da tambayar da ya yi mini a kan dutse, duk suka dawo mini a tare. Sai ramin kwalbatin ya faɗo mini a rai, da bai tsaya ba da a ciki zai faɗa. Na ce, "Baba, ga ni nan." Ya juyo wajen muryata, ya gane na gani. Muka zauna a bakin hanya. Ya ce tun bara abin ya fara, kamar an hura ɗanyen itace a ɗaki, kullum hayaƙin na ƙaruwa. Watan da ya wuce ya faɗi sau biyu a wannan hanyar, ya ce wa Inna kare ne ya gitta masa. Ya ce launi mai haske yana iya binsa in yana kusa. "Idan teloli suka ji, wa zai ba makaho kekensa ya kwance? Kada ki faɗa wa Innarki, ki bar ni in ga yadda Allah zai yi." Na ce to, don ban san wata amsar da ɗiya ke ba ubanta ba.

Daga nan tafiyar ta sauya. Na riƙa tafiya a hankali, ina faɗa masa hanya da baki: rami a dama, yashi a gaba, ga shanu nan tafe. A kwalbatin muka sauka, na kama kan kekensa muka ratsa ta hagu. Gajiyar da nake ji ta tafi, ko in ce na daina samun sararin jin ta.

Gidan ƙarshe a zagayen na Mama Saraya ne, a wani ƙauye a gindin tsauni. Bahaushiya ce Kirista, mijinta ya rasu, da ɗinkin kayan makaranta ta riƙe 'ya'yanta. Muna shiga Baba ya yi tuntuɓe da turmi. Ta kawo mana ruwa, ta buɗe keken, ta ce yana tsallake ɗinki. Na tsaya ina kallonsa da sabon ido. Bai ma sunkuya ba. Ya taka feda, ya saurara, ya zura yatsu ƙarƙashi ya ciro ƙoshiyar, ya shafa bakinta da ɗan yatsa, ya ce ta yi kaushi, ya goge ta da 'yar takarda mai yashi, ya mayar. Na zura zare, aka gwada, ɗinki ya fito sumul. Mama Saraya ta karɓi ƙyallen ta duba, sa'an nan ta ce, "Malam Iro, shekara nawa kana shigowa gidan nan, turmin nan bai taɓa matsawa daga inda yake ba. Yanar ido ce ke damunka, daga nan ina hango farinta. Yayana ma ta yi masa, aka cire a asibiti, ga shi can yana karatunsa." Baba ya ce ya san wani da aka taɓa wa ido da allurar gargajiya, bai sake ganin rana ba. Ta ce ita ba wannan take nufi ba. Ya yi godiya, ya ɗaure akwatinsa. Da za mu fita ta riƙe hannuna a zaure ta matse shi.

Sauran hanyar ba na tuna ta da kyau. Na san akwai hawa biyu, na san hadari ya taso daga gabas bai zubar ba, na san da muka koma kan kwalta motocin masara suna wuce mu da iska mai ture mutum, ni kuwa ina ta waige. Mun shiga gida ana shirin kiran magariba. Da na sauka ƙafafuna suka lanƙwashe, na zauna a ƙasa a zaure. Inna ta gasa mini cinyoyi da ruwan zafi, tana faɗa, tana cewa dama ta faɗa. Kwana biyu ina tafiya kamar agwagwa, 'yan ajinmu na yi mini dariya.

Kwana huɗu na riƙe maganar. Ba na iya cin abinci sosai, duk fitar da zai yi zuwa rumfa sai in bi shi da ido har ya sha kwana. Ran Laraba da yamma muna ɓarar masara ni da Inna, sai kawai na ji bakina ya buɗe, na faɗa mata duka, har da buhun. Ta ajiye masarar da ke hannunta, ta ce, "Na ga yana laluben butarsa da asuba. Na yi ta ce wa kaina duhu ne." Ta tashi ta yafa mayafi ta tafi gidan yayanta, Kawu Sani.

Baba ya yi fushi da ni. Bai dake ni ba, bai ma ɗaga murya ba. Sai dai mako guda cur da sunana na yanka yake kirana, Rabi kawo ruwa, Rabi rufe ƙofa, kuma ban taɓa jin abin da ya yi mini ciwo kamar wannan ba. Kawu Sani ya yi ta zarya, Inna ta kafe, har ya yarda. Da aka gama girbi suka tafi wani asibitin ido a Kano. An yi masa aiki a idon dama ya buɗe tas. Na hagun an makara, bai dawo sosai ba. Ranar da aka cire masa bandeji ya dawo gida, ya zauna a tsakar gida yana ta kallon abubuwa ɗaya bayan ɗaya, ya ce ashe garun ɗakin Inna ya tsage haka ba wanda ya gaya masa. Da na kawo masa ruwa ya dube ni ya ce na rame, ya kamata a riƙa ba ni ƙwai. Maganar fushin ba ta sake tasowa ba, shi bai ce na kyauta ba, ni ban ba shi haƙuri ba.

Ya koma zagayensa shi kaɗai, da tabarau mai kauri, ya ƙara shekara shida yana yi kafin gwiwa ta hana shi. Na taɓa roƙonsa ya sake tafiya da ni, ya ce karatu ya fi. Saboda haka sau ɗaya tak na yi wannan zagayen a rayuwata.

Yanzu ina koyarwa a Funtua, Baba ya daɗe da rasuwa. Masu gyara a kan babur suke yawo, a kira su a waya su zo a ranar, teloli da yawa sun koma keken lantarki. An ce mini tsohon marinin nan ya rasu an cike ramukansa, wasu hanyoyin cikin tsaunukan kuma yanzu sai an tambayi lafiyarsu kafin a bi. Kwanakin baya muka je biki Kafur a mota da 'yata, wadda ta kai shekarun da nake da su a lokacin. Daga Malumfashi ko rabin sa'a ba mu yi ba. Na ce mata na taɓa yin hanyar nan a kan keke, ta ɗago daga wayarta ta leƙa taga, ta ce ai ba wuya, hanyar a shimfiɗe take. Ban yi mata gardama ba. Ina zaune ina jin injin motar yana sauya murya a gindin kowane tudu, cinyoyina suna ɗaurewa da kansu. Mota ba ta gaya wa mutum inda ƙasa ta tashi, sai wanda ya taka ta da ƙarfinsa.